Yadda ake lissafa taurin folima mai ɗauke da nanotub ɗin kabon, mataki-mataki

Tambayar da ɗalibai da masu aikin ɗakin gwaji suka fi yawan kawowa ita ce: an zuba nanotub, wato ƙananan bututun kabon masu siranta ƙwarai, kashi 1 cikin 100 a ifoksi, wanda folima ce, wato dangin roba, lissafi ya ce taurin zai kusan ninka sau uku, amma injin gwaji bai nuna ƙarin da ya kai kashi 15 ba, ina aka kuskure? Mafi yawan lokuta dabarar lissafin ba ta da laifi, lambobin da aka ɗura mata ne ba na abin da ke hannu ba. Shi ya sa rabin wannan jagora ya tafi kan tattara lambobi kafin a taɓa kowace dabara.

Tauri a nan yana nufin yadda abu ke ƙin miƙewa idan an ja shi, wato ma'aunin Young, wanda ake rubutawa E ana auna shi da gigapaskal, GPa a taƙaice. Ƙarfin jure karyewa wani lissafi ne daban, kada a haɗa su.

Abin da za ka tanada

Matakai bakwai na farko Excel ya ishe su, ko LibreOffice wanda kyauta ne. Don auna hotuna ana amfani da ImageJ, shi ma kyauta. Dabarar Mori-Tanaka ta mataki na 9 tana son Python da NumPy. Idan aikin ya kai ga FEM, wato kwaikwayon samfurin a kwamfuta ta hanyar yanka shi ƙananan ƙwayoyi, akwai Abaqus, ANSYS, COMSOL da Digimat masu lasisi mai tsada, akwai kuma CalculiX, Code_Aster da FEniCS da ba a biyan komai. Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne lokacin madubin ilektiron, TEM ko SEM, da injin jan samfuri mai na'urar auna miƙewa. Idan kasafinka kaɗan ne, ka kashe shi a can. Awa biyu a gaban TEM sun fi lasisin shekara amfani ga sakamakonka.

Misali ɗaya za mu riƙe daga farko har ƙarshe: ifoksi mai tauri Em = GPa 3.0 da densiti giram 1.2 a santimita kubik, da nanotub mai bango da yawa, kaurinsa nanomita 20, ramin cikinsa nanomita 8, tsawonsa bayan cakuɗawa maikiromita 2, an zuba kashi 1 cikin 100 na nauyi.

1. Auna taurin folimar da kanka

Ka zuba samfurin folima zalla, amma ka bi da shi duk hanyar da gaurayen folima da nanotub zai bi: sinadarin narkarwa iri ɗaya, girgizar sauti ta tsawon lokaci ɗaya, zafin gasawa ɗaya. Wannan shi ne Em ɗinka. Ifoksi yakan faɗo tsakanin GPa 2.5 da 3.5, folifurofilin tsakanin 1.3 da 1.8, folisitirin wajen 3.

Gargaɗi: kada ka kwafi Em daga takardar kamfani. Ƙarin da kake nema bai wuce GPa 0.1 zuwa 0.5 ba, kuma ragowar asiton da bai gama fita ba, ko gasawar da ba ta kammala ba, za ta iya motsa Em da kwatankwacin haka. Sai ka ɗora wa nanotub laifin da ba nasa ba, ko ka ba shi yabon da bai ci ba.

2. Auna bututun bayan an cakuɗa, ba kafin ba

Lambobi uku kake buƙata: kaurin waje d, faɗin ramin ciki di, da tsawo l. Kauri da rami TEM ke ba da su, kuma ba sa canzawa da cakuɗawa. Tsawo kuwa yana canzawa sosai. Girgizar sauti, injin nadi uku da injin matse narkakkiyar roba duk suna kakkarya bututun, har wanda aka sayar a matsayin maikiromita 10 ya dawo 1 ko 2.

Ga ifoksi, ɗebi ɗigo kaɗan daga gaurayen kafin ka zuba sinadarin daskarewa, ka tsinka shi da asiton sosai, ka ɗiga a kan ragar TEM ko farantin silikon, ka bari ya bushe. Ga folimar da ke narkewa, narkar da gutsuren samfurin a sinadarin da ya dace da ita, ka tace. Ka bi kowane bututu da layin lanƙwasa na ImageJ daga kai zuwa gindi. Ka auna aƙalla 200.

Gargaɗi na farko: hoton SEM na wurin karaya ba ya nuna tsawo, ƙarshen da ya zare kawai kake gani. Yankan TEM kuma kaurinsa bai kai nanomita 100 ba, wuƙar ta riga ta datse bututun.

Gargaɗi na biyu ya shafi matsakaici. Ɗauki bututu 100, guda 90 tsawonsu maikiromita 0.5, guda 10 kuma 5. Matsakaicin ƙidaya zai ba ka 0.95. Amma dogayen goman nan su ke riƙe da fiye da rabin kabon ɗin, don haka matsakaicin da ya dace shi ne jimlar l² a raba da jimlar l, wanda ya ba da 2.87. Wanda ya fi wannan kyau shi ne ka kasa bututun gida-gida bisa tsawo, ka yi lissafin mataki na 6 ga kowane gida, ka haɗa bisa gurbin da kowanne ya ci.

A misalinmu l/d = 2000/20 = 100. Ka mayar da tsawo da kauri zuwa nanomita tun a layin farko na jadawalinka. Cakuɗa maikiromita da nanomita kuskure ne mai ninki dubu, kuma yana faruwa fiye da yadda ake zato.

3. Mayar da kason nauyi zuwa kason gurbi

A sikeli ake auna nanotub, amma duk dabarun lissafin da kason gurbi Vf suke aiki. Da farko nemi densitin bututun, ρf. Bangonsa girafait ne mai giram 2.25 a santimita kubik, tsakiyarsa kuma fanko:

ρf = 2.25 × (d² − di²) / d² = 2.25 × (400 − 64) / 400 = 1.89

Sai kason gurbi, inda w yake kason nauyi, ρm kuma densitin folima:

Vf = (w/ρf) / (w/ρf + (1 − w)/ρm)

Da w = 0.01, ρf = 1.89, ρm = 1.2, za ka samu Vf = 0.0064, wato kashi 0.64 cikin 100.

Gargaɗi: wanda ya saka 0.01 kai tsaye a matsayin Vf zai ƙare da GPa 3.78 a inda ya kamata ya samu 3.50, ya kumbura ƙarin taurin da fiye da rabi. Haka kuma densitin da ake rubutawa a jikin gwangwani sau da yawa na garin ne da iskar da ke cikinsa, lamba ce ƙarama ƙwarai, ba ta da hurumi a wannan lissafi. Idan garin yana da ragowar ƙarfen da aka tsiro da bututun a kansa, ƙona kaɗan cikin iska a TGA, na'urar da ke auna nauyin abu yayin da ake ƙara masa zafi, ka cire nauyin tokar daga w.

4. Zaɓi taurin bututun, Ef

Nan ne lissafi ke tashi ko ya faɗi, don haka a tsaya a nan sosai.

Lambar da kowa ya sani ita ce TPa 1, wato GPa 1000. Wannan taurin bangon girafin ne guda ɗaya, wato shimfiɗa ɗaya ta girafait, idan aka ɗauki kaurin bangon a matsayin nanomita 0.34, tazarar da ke tsakanin shimfiɗun girafait. Abin da yake tabbatacce shi ne E sau t, kaurin bangon, wanda ya kai wajen Newton 340 a mita. Akwai lissafin da ya ɗauki kaurin bango nanomita 0.066 ya samu TPa 5.5, kuma bai saɓa wa na farkon ba, domin idan ka ninka lambobin biyu kusan wuri ɗaya za ka sauka. Kuskuren shi ne ɗaukar E daga wannan aiki da t daga wancan.

Dabarunmu suna ɗaukar bututun kamar sanda ce cikakkiya mai kauri d, don haka dole a baza taurin bangon a kan dukan faɗin sandar. Akwai hanya biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Idan dukan bangayen suna ɗaukar kaya tare:

Ef = 1000 × (d² − di²)/d² = GPa 840

Idan bangon waje kaɗai ke ɗauka, na ciki suna zamewa domin ƙarfin van der Waals da ke riƙe su mai rauni ne:

Ef = 1000 × 4t/d = 1000 × 4 × 0.34/20 = GPa 68

Bututu ɗaya, lamba biyu, ɗaya ta ninka ɗaya fiye da sau goma sha biyu. Gaskiyar tana tsakani, kuma ta dogara da yadda bangayen suka sarƙe da juna. Ƙari a kan haka, bututun da aka tsiro ta hanyar CVD, wato daga gas mai ɗauke da kabon, wanda shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa, yana da lahani a jikinsa fiye da wanda aka yi da tartsatsin lantarki, kuma an auna wasunsa ƙasa da GPa 100. Shawarar da ta fi aminci ita ce ka tafi da lambobin biyu har ƙarshe, ka ba da sakamako a matsayin tazara. Dabara ta biyun tana kuma koyar da abu guda: Ef yana raguwa yayin da d ke ƙaruwa, don haka siririn bututu ya fi kakkaura aiki a nauyi ɗaya.

Ga mai bango ɗaya, matsalar ta koma wani wuri. Waɗannan suna manne wa juna su zama igiya, kuma a cikin igiyar suna zamewa. Idan TEM ya nuna igiyoyi, kaurin igiyar ne d ɗinka, ba nanomita 1.4 na bututu guda ba.

5. Kafa rufi da ƙasa

Minti biyu ne aikin, kuma yana kama kurakurai da yawa daga baya. Rufin, wato iyakar sama ta taurin gaurayen Ec, shi ne na Voigt:

Ec = Vf × Ef + (1 − Vf) × Em

Da Ef = 840 ya ba da GPa 8.36, da 68 kuma 3.42. Ƙasan shi ne na Reuss, 1/Ec = Vf/Ef + (1 − Vf)/Em, wanda ya ba da 3.02. Wannan 8.36 ita ce lambar nan mai ninki uku da ke ruɗar mutane. Tana nufin bututai marasa iyakar tsawo, miƙaƙƙu, duk suna fuskantar inda ake ja. Duk lissafin da ya wuce rufin nan ko ya faɗa ƙasa da 3.02 yana da kuskure a ciki.

6. Shigar da tsawo da Halpin-Tsai

Guntun bututu ba ya ɗaukar cikakken kaya, domin folima tana miƙa masa kayan ne a hankali daga bakinsa zuwa tsakiya. Halpin-Tsai yana kama wannan da lamba ɗaya, ζ:

E/Em = (1 + ζηVf) / (1 − ηVf)

η = (Ef/Em − 1) / (Ef/Em + ζ)

Za ka yi shi sau biyu. A tsaye, wato ja bisa tsawon bututun, ζ = 2l/d = 200. A gicciye ζ = 2.

Da Ef = 840: Ef/Em = 280, η na tsaye = 279/480 = 0.581, sai EL = GPa 5.25. A gicciye η = 279/282 = 0.989, sai ET = 3.06.

Da Ef = 68: EL = 3.38, ET = 3.05.

Dubi ET da kyau. Ef ya faɗo daga 840 zuwa 68 amma ET bai motsa ba sai da 0.01. Ma'ana a gicciye folima ce ke mulki, kuma ba ka da dalilin ɓata kwanaki kana neman ainihin taurin bututun ta gefe idan Vf bai kai kashi 1 ba.

7. Shigar da alkibla

Bututai ba sa jeruwa don kansu. Ka tambayi yadda aka yi samfurin. Ifoksin da aka zuba a mazubi mai kauri yana da bututai ta kowace fuska. Siririn fim da aka busar ko aka danne yana da su a kwance a shimfiɗe. Zaren da aka ja yana da su kusan a jere. Samfurin da aka yi da allurar narkakkiyar roba yana da jere a fatarsa da hargitsi a tsakiyarsa, sai ka lissafa kowane sashe daban.

A shimfiɗe: E = (3/8)EL + (5/8)ET

Ta kowace fuska: E = (1/5)EL + (4/5)ET

Da Ef = 840, a shimfiɗe 3.88, ta kowace fuska 3.50. Da Ef = 68, 3.17 da 3.12. Ke nan ga ifoksinmu da aka zuba a mazubi, hasashen gaskiya shi ne GPa 3.12 zuwa 3.50, ƙarin kashi 4 zuwa 17 cikin 100.

Gargaɗi: 3/8 da 5/8 sun yaɗu sosai har ana saka su a samfuri mai kaurin milimita 4. Na shimfiɗa ne kawai. A misalinmu wannan zamewar kaɗai ta mayar da ƙarin 0.50 zuwa 0.88.

Yanzu ka canza tsawo ka ga abin da mataki na 2 ya saya maka. Da maikiromita 10 na jikin gwangwani za ka samu wajen 3.89. Da 2, 3.50. Da 0.5, 3.21.

Yana da kyau ka gwada da dabara ta biyu, ta Cox da Krenchel:

Ec = η0 × ηl × Ef × Vf + (1 − Vf) × Em

η0 lambar alkibla ce, ηl kuma ta tsawo. η0 shi ne 1 a jere, 3/8 a shimfiɗe, 1/5 ta kowace fuska. ηl = 1 − tanh(a·l/d)/(a·l/d), inda a = √(−3Em / (2Ef × ln Vf)). Wannan siffar ta a tana aiki ne ga folimar da rabon Poisson ɗinta, wato yadda take tsukewa ta gefe idan an ja ta, ke kusa da 1/3, ifoksi kuwa wajen 0.35 yake. Da Ef = 840, a = 0.0326, ηl = 0.69, Ec = 3.73. Ya fi na Halpin-Tsai, kuma ba abin mamaki ba ne: an san Halpin-Tsai yana rage EL idan zaren dogo ne kuma ya fi uwar, wato folimar da ke kewaye da shi, tauri nesa ba kusa ba. Tazarar 3.50 da 3.73 ita ce girman saɓanin dabaru. Ka kwatanta ta da tazarar 3.12 da 3.50 da Ef kaɗai ya haifar.

8. Lanƙwasa, dunƙulewa da ɓawon da ke manne

Duk abin da ya gabata ya ɗauka bututun miƙaƙƙe ne, a warwatse ɗaya-ɗaya, manne da folima ba zamewa. Ka duba hotonka na TEM, za ka ga wani abu mai kama da zaren da ya kwance daga ƙwarya, a nan ya lanƙwashe, a can ya cure.

Lanƙwasa: ana siffanta ta da igiyar ruwa mai tsayi a (daban yake da a na mataki na 7) da tsawon zango λ, ana auna a/λ daga hoto. Idan a/λ = 0.1, inda bututun ya fi karkata yana yin digiri 32 da layin ja, kuma gudummawar wannan wurin tana raguwa da cos⁴, wato zuwa wajen 0.52. Ban da karkatar, lanƙwasasshen bututu yana fara miƙewa ne ta hanyar warware gwiwarsa, wanda ya fi jan bangon sauƙi nesa. Hanyar da aka saba bi ita ce a gina bututu ɗaya mai lanƙwasa a cikin ɗan akwatin folima a FEM, a ja, a fitar da Ef ɗin miƙaƙƙen bututun da zai ba da sakamako iri ɗaya, a mayar da shi mataki na 6.

Gargaɗi: idan ka riga ka yi amfani da 1/5, kada ka sake ninkawa da cos⁴. Ka hukunta karkata sau biyu ke nan.

Dunƙulewa: ana lissafa ta hawa biyu da lambobi biyu, kason gurbin da curin suka ci, da kason bututun da ke cikinsu. A ce hoton madubin haske ya nuna curi sun ci kashi 5 na gurbi, kuma ka ƙiyasta kashi 70 na bututun na cikinsu. A cikin curi Vf = 0.7 × 0.0064/0.05 = 0.090. A waje Vf = 0.3 × 0.0064/0.95 = 0.002. Maimaita matakai na 6 da 7 ga kowanne da Ef = 840: curi GPa 10.3, waje 3.16. Yanzu ka ɗauki curin kamar ƙwallaye ne a cikin uwa mai 3.16, ka sake Halpin-Tsai da ζ = 2 da kason gurbi 0.05. Sakamako 3.36. Ƙarin ya sauko daga 0.50 zuwa 0.36, kuma wannan da sharaɗin folima ta ratsa cikin curin ta jiƙa shi. Busasshen curi rami ne, ragi yake kawowa.

Ɓawon da ke manne: folimar da ke dab da jikin bututu ba ta zama kamar ta nesa ba. Gurbinta bisa gurbin bututun shi ne ((r + t)² − r²)/r², inda r yake rabin kaurin bututun, t kuma a nan kaurin ɓawon. Ga r = nanomita 10 da ɓawo mai kaurin 5, ninki 1.25 ne. Ga mai bango ɗaya da r = 0.7, ɓawon nan ya kai ninki 65. Don haka a kakkauran bututu kana iya ƙyale shi da farko, a siririn kuwa ba za ka iya ba. A folimar da ke yin kiristal, irin su folifurofilin da PVA, bututun yana tsiro da kiristal a jikinsa, kuma wani ɓangare na ƙarin taurin daga nan yake fitowa. Ka auna kason kiristal da DSC, na'urar da ke auna zafin da samfuri ke sha ko fitarwa, a folima zalla da a gauraye kafin ka ce komai.

Gargaɗi: kauri da taurin ɓawon lambobi biyu ne da ke da wuyar aunawa. Idan ka bar su a sake kana murɗawa har lissafi ya dace da gwaji, kowane sakamako za ka iya samu, kuma samfurin lissafin ya daina hasashen komai.

9. Lokacin hawa zuwa Mori-Tanaka, FEM ko MD

Ka hau Mori-Tanaka idan kana son cikakken jadawalin tauri na 6×6, ko kana da ainihin rabon alkibla daga gwajin haske na Raman mai tace fuskar haske. Kana gina Cm da Cf, jadawalin taurin folima da na bututu, ka lissafa jadawalin S na Eshelby daga l/d da rabon Poisson na uwar, sannan:

A = [I + S·Cm⁻¹·(Cf − Cm)]⁻¹

C = Cm + Vf⟨(Cf − Cm)·A⟩·[(1 − Vf)I + Vf⟨A⟩]⁻¹

Alamar ⟨ ⟩ tana nufin matsakaici a kan dukan alkiblu. Inda aka fi tuntuɓe shi ne ninkin 2 na sassan goga a rubutun Voigt, wanda ke lalata juyawa da ninkawa ba tare da kwamfuta ta yi ƙorafi ba. Rubutun Mandel ya kawar da wannan. Kafin ka yarda da shirinka ka yi masa gwaji uku: Vf = 0 dole ya dawo da Cm, Cf = Cm dole ya dawo da Cm, kuma l/d mai girma ƙwarai a jere dole ya matso kusa da 8.36.

FEM na akwatin wakilci yana da amfani idan lanƙwasa da curi su ne tambayarka. Ka san girman aikin tukuna. Akwatin ya kamata ya fi tsawon bututu, a ce maikiromita 4 kowane gefe. A Vf = 0.0064 zai ɗauki bututu wajen 650. Idan za ka yanka shi duka da ƙwayoyi masu nanomita 5 don su kama kaurin bututun, ƙwaya miliyan 512 kake magana, abin da ya fi ƙarfin kwamfutar tebur. Mafita ita ce a wakilci bututun da ƙwayoyin sanda da aka dasa a cikin ragar folima mai manyan idanu. Ka ba sandar Ef − Em, domin folimar da ke wurinta ba a cire ta ba. Ka saka sharaɗin gefe mai maimaituwa, ka ja ta hanyoyi shida, uku a miƙe uku a goge, da miƙewar kashi 0.1 cikin 100. Ka rage idon ragar har sakamako ya tsaya, ka ƙara girman akwatin har ya tsaya, ka kuma sake zuba bututun a tsari daban-daban sau biyar zuwa goma ka ɗauki matsakaici. Akwati ɗaya ba shaida ba ne.

MD, wato kwaikwayon motsin atom-atom a kwamfuta, a manhajar LAMMPS misali, yana amsa tambaya ɗaya ce: me ke faruwa a nanomita kaɗan na farko daga jikin bututun. Akwatinsa wajen nanomita 10 ne, takunsa femtosakan 1, kuma saurin jansa ya ninka na injin gwaji sau biliyoyi, shi ya sa folima ke fitowa da tauri fiye da nata. Ka ɗauko rabon taurin ɓawo da na folimar nesa daga MD ɗin, ka ninka da Em ɗin da ka auna. Kada ka ɗauko lambar GPa kai tsaye.

10. Kwatanta da gwaji

Ka ja aƙalla samfuri biyar na kowane gauraye bisa ISO 527 ko ASTM D638. ISO 527 yana ɗaukar tauri tsakanin miƙewar kashi 0.05 da 0.25 cikin 100, a saurin milimita 1 a minti. Dole na'urar auna miƙewa ta kasance a jikin samfurin. Tafiyar kan injin ta ƙunshi sassaucin injin da zamewar maƙalai, kuma tana ba da tauri ƙasa da gaskiya. Lambar DMA, gwajin da ke auna tauri ta hanyar girgiza samfuri, ita ma ba daidai take da ta ja ba, kada ka auna Em da wannan ka auna gauraye da wancan.

Ka auna densitin kowane samfuri ta hanyar nitsarwa a ruwa, ka kwatanta da wanda lissafi ya ba ka. Nanotub yana kaurara ifoksi, iska ta maƙale. Kowane kashi 1 na kumfa yana cin kusan kashi 2 na tauri, don haka kumfa kashi 2 za ta cire GPa 0.14 daga 3.50, fiye da rubu'in ƙarin da kake nema.

Kada ka tsaya a gauraye ɗaya. Yi kashi 0.25, 0.5, 1 da 2, ka zana E bisa Vf. A ƙananan kaso layin yakan miƙe, kuma nan ne samfurin lissafinka ya kamata ya dace. Inda layin ya fara kwantawa, curi da kumfa sun shigo, kuma lissafin mataki na 7 ya daina aiki daga nan. Daga miƙaƙƙen sashen sai ka juya lissafin: riƙe l/d, alkibla da Vf yadda ka auna su, ka bar Ef kaɗai ya motsa har ya dace. Idan gwajin kashi 1 ya ba da 3.30, Ef ɗin da zai fito yana tsakanin 68 da 840, kuma ya haɗiye lanƙwasa, lahani da zamewa duka a lamba ɗaya. Idan ya fito sama da 840, nemi kiristal ko canjin gasawa a DSC. Idan ya fito ƙasa da 68, koma ga hoton curi da ma'aunin kumfa.

A rahotonka ka rubuta d, di, rabon tsawo, ρf, kaurin bangon da ka ɗauka da lambar alkibla kusa da kowane hasashe, tare da bambancin da ke tsakanin samfuran gwajinka. Idan bambancin ya kai GPa 0.1, gwajin ba zai iya raba maka 3.36 da 3.50 ba, sai ka ƙara yawan samfuri kafin ka zaɓi tsakanin lissafi mai curi da marar curi.